Takabar Dada

A gidanmu na cikin Yola ba a riƙe rana. Ni da damina aka haife ni, ƙanena ya zo lokacin nunar mangwaro, kakanmu kuwa ya rasu shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa shanu. In ka matsa da tambaya sai a dube ka a ce, to in ka san ranar dafa ta za ka yi? Haka muka tashi, ba mu kuma ga abin da ya rage mu da shi ba. Sai da na zama malamar firamare a Jimeta abin ya fara ba ni haushi, don duk shekara sai a cika mini aji da yaran da rabinsu takarda ta ce ɗaya ga Janairu aka haife su, kamar iyayensu mata sun yi shawara.

Shi ya sa ranar da mahaifiyata ta ce in nemo mata rana, na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Dada muke ce mata. Ba ta taɓa zaman aji ba, kalandar da ke ɗakinta ma don hoton Ka'aba ta rataye ta, kuma kalandar ta girmi ɗana na fari. Amma ita ce ta sa ni yawon ofis-ofis kusan shekara guda, ina neman ranar da mijinta ya mutu.

Baba ma'aikacin dabbobi ne, mai yi wa shanu allura. Ya yi ritaya, amma makiyaya ba su san wata ritaya ba, shi ma ban ga alamar ya san ta ba. Da an kira shi zai rataya 'yar kularsa shuɗiya ta magani ya nufi tasha. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ba shi da ƙaramin yatsa a hannun hagu. Igiya ce ta tsinke masa shi tun yana saurayi, ranar da wani bijimi ya ƙi allura. Da muna yara da wannan dungulmin yake tsoratar da mu, ya ce haka yatsan duk wanda bai cinye tuwonsa ba yake komawa.

Makon da 'yan bindigar daji suka kwararo garuruwan arewacin jihar, Baba yana can. Wasu tsofaffin abokan hulɗarsa ne suka kira shi wata ruga gaba da Mubi. Mun hana shi, ya ce shanu ba su san ana yaƙi ba. Bai daɗe da tafiya ba wayarsa ta daina shiga. Daga nan sai mutane suka fara zuba cikin Jimeta, a motocin itace, a bayan tirela, da yawa kuma a ƙasa, ƙafafu sun kumbura sun farfashe. Kowane gida ya cika. Gidan aurena na Damilu har a kicin ake kwana. Ni da ƙanena muka raba aiki, shi tasha, ni bakin gada, muna tare duk wanda ya sauko muna tambaya: dattijo dogo, Bafillace, mai kula shuɗiya. Wasu su girgiza kai, wasu ko jinmu ba sa yi, wasu kuma su riƙe mana hannu su fara tambayarmu nasu.

Ana cikin haka wani direba ya zo har gida ya rantse cewa ya ga Baba da idonsa a tsallaken iyaka, cikin Kamaru, tare da makiyaya, lafiyarsa lau, jira kawai yake hanya ta buɗe. Har yau ban sani ba ko ƙarya ya yi, ko kama ce ta ruɗe shi, ko tausayinmu ya ji. Na yi shekaru ina zagin mutumin nan a raina, yanzu na gaji na bari. A lokacin dai addu'a muka bi shi da ita har ƙofar gida.

Dada, wadda tun da ta aurar da autarta ta ajiye kwalliya, sai ga shi ta ciro tandun kwallinta. Kullum bayan la'asar za ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta turara kayanta, ta shafa humra, ta ɗaura atamfa mai kyau, ta shimfiɗa tabarma daidai inda take hango zaure. Ba ta taɓa cewa jiransa take ba. Bafillatar Yola ta faɗi haka da bakinta? Allah ya kiyaye. Cewa take ɗaki ya yi zafi. Mu kuwa muka samu abin tsokana. Ƙanwata ta ce, “Dada, amarcin za a sake ne?” ta jefe ta da mafici. Ni da hannuna na riƙa ƙunsa mata lalle, ina yi ina dariya, don a watannin nan ban san wani abu mai daɗin gani a garin ba in ba ƙafafun Dada ba. Bam yana tashi, ana sauke mutane daga keke ana bincike a kowace kwana, mu kuwa gidanmu yana ƙamshi.

Hanya ta buɗe. Mutane suka fara komawa garuruwansu, waɗanda suka tsallaka Kamaru aka dawo da su mota-mota. Baba bai zo ba. Ƙanena ya je rugar, ya tarar da toka da turaku. Kwalliyar Dada ta riƙa raguwa da kaɗan-kaɗan, lalle ya fara tafiya, sai humra, har ya rage kwalli kawai, shi ma ranar Juma'a.

Wanda bai zauna da irin wannan mace ba ba zai gane ba. Matar da mijinta ya rasu tana da abin yi. Za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma: ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli da turare da kaya masu ado, ta zauna a ɗakinta, mata su riƙa zuwa taya ta zama, ta yi kukanta ba mai cewa ta yi rashin kunya. Ranar fita a yi mata kitso, a yi sadaka, a ce ta sauke haƙƙinsa. Ga mace irin Dada, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane ba, takaba ce kaɗai inda aka yarda ta nuna cewa mutumin nan wani abu ne a wurinta. Ita ba ta samu wannan ba. Ba wanda ya yi mata gaisuwa, don yi wa matar mai rai ta'aziyya mugun fata ne. A gidan biki ba a san layin da za a zaunar da ita ba. Mata in sun shigo sai su ce, “Ya jiran?” ta ce, “Jam,” wato lafiya, a koma hirar wani abu.

A shekara ta biyar Bappa, ƙanen Baba, ya tara mu. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ya yi, kuma yana da gaskiyarsa. Ya ce shari'a ba ta bar mace a rataye ba. Shekarun jira sun cika, a je gaban alƙali ya yanke hukuncin mutuwa, Dada ta shiga takaba daga ranar hukuncin, a raba abin da za a raba, kowa ya huta. Dada tana bayan labule tana ji. Da ya tafi ta aika a kira ni. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata in tana magana ba. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita, take ce mini Malama. Ta buɗe akwatinta ta nuna mini wani farin yadi a ninke, ko warin kanti bai bar jikinsa ba. Ta ce tun bara ta saye shi ba wanda ya sani, shi za a ɗinka mata na zaman takaba.

“Amma ba zan zauna a kan ranar alƙali ba,” ta ce da Fulatanci, idonta a kan yadin. “Alƙali yana wurin ne? Mutum yana da ranarsa da Allah ya rubuta masa. Ku da kuka yi boko kun ce komai yana takarda. Malama, ki nemo mini ranar.”

Na ce mata to. Me zan ce?

Da tsohon ofishin Baba na fara. Akawun da na tarar yana cin gyaɗa a kan tebur, ya ce, “Madam, fayil na mai rai kina nema ko na mamaci? Ɗakinsu ba ɗaya ba.” Na ce abin da na zo tambaya ke nan. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sai da na yi ta sintiri kafin aka fito da shi, gara ta ci gefe guda. A ciki na tarar da shekarun haihuwa uku: ta takardar makaranta, ta ɗaukar aiki, da ta wata rantsuwar kotu da Baba ya yi don ya ɗan ja ritaya baya. Duka ukun ɗaya ga Janairu. Wurin aure an rubuta yana da aure, ba rana, ba sunan mata. Da na tambayi Dada daga baya ta ce shekarar da Binuwai ya cika ya cinye masarar Damare aka kawo ta. Binuwai kuwa ya cinye masarar Damare ya fi a ƙirga. Na zauna a benci riƙe da fayil ɗin mutumin da gwamnati ta haifa sau uku ba ta kashe ko sau ɗaya ba, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Daga nan sai asibiti. Wata ma'aikaciya da na taɓa koyar da 'yarta ta bar ni na duba littafin ɗakin gawa na watannin nan. Ba na yi wa ko maƙiyina fatan karanta irin wannan littafi. Shafi bayan shafi: namiji, ba a san shi ba, mace, ba a san ta ba, yaro. Wani wurin an rubuta launin riga. Na riƙa bin layi ina neman inda aka ambaci hannu ko yatsa, ban samu ba, na rufe littafin na fito. Na je Damare inda aka yi sansanin 'yan gudun hijira, wannan ya tura ni wurin wancan, har na samu jerin sunayen waɗanda suka zauna. Masu suna irin na Baba sun cika shafi, ba ko ɗaya da yake shi. Duk ranar da na dawo sai in biya Yola. Dada ba ta tambayata. Za ta dama mini fura ta ajiye a gabana, ta saurari yadda na cire takalmi, ta gane.

Wurin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙofar wata kotu. Akwai masu buga takardar rantsuwa a ƙarƙashin bishiya, na je in tambayi yadda ake neman shaidar mutuwa. Mutumin da na tarar a gaban kwamfuta ko ɗago kai bai yi ba.

“Babu wahala, Hajiya. Wane rana za a sa?”

Na ce ranar da ya mutu mana.

“Eh, shi nake tambaya, wanne kina so? Mutane da yawa suna sa ranar da aka shiga garin. Wasu kuma suna son Juma'a.”

Na zazzage masa duk abin da ke bakina har mutane suka taru, shi kuwa yana kallona da mamaki na gaskiya, don a ganinsa taimakona yake yi. A cikin keke ina komawa gida sai da na yi tunanin in koma in karɓi Juma'ar nan in kai wa Dada. Wa zai sani? Amma Dada tana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki, ko ba ta dube ni ba.

A makarantarmu akwai wata malama Kirista, 'yar wajen Numan, teburinmu ɗaya. Ita ta lura ina ramewa, har ta sa na gaya mata. Wata rana ta zo mini da katin baftismar kakarta. Tsohon kati ne ya yi ja, ga ranar haihuwa, ga ranar baftisma, a baya an ƙara ranar aure. Ta ce ranar mutuwar kuma tana littafin cocinsu. Hassada na ji ƙarara, na kuma faɗa mata. Ta ce ba don ta ba ni haushi ta kawo ba. Mijinta ne ya ji labarin wani tsohon katikis, mai kula da ƙaramin coci a wani ƙauye da ke kan hanyar da mutane suka biyo da ƙafa. Ya gudo da littafin cocin, yanzu yana zaune a Yolde Pate. An ce kafin su ma su gudu sun binne mutanen hanya da dama, kuma ya rubuta.

Na ce, “Babana Musulmi ne, me zai kai shi littafin coci?”

Ta ce, “Su ma ba tambaya suka tsaya yi ba. Ki shirya ranar Asabar mu je.”

Mun same shi a ƙofar wani ɗakin haya marar filasta, yana gyaran ƙotar fartanya. Tsoho ne ɗan ƙarami, idonsa ɗaya ya yi fari. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya wanke hannu, ya shiga ya fito da littafin a cikin buhun shinkafa. Babban littafi ne mai baƙin bango, farkonsa rubutun mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni: baftisma, aure, jana'iza.

“Matana ya ce in ɗauki buhun gyaɗa, ni na ɗauki wannan,” ya ce. “Har yau bai yafe mini ba.” Matar ta ce wani abu da yarensu daga cikin ɗaki, ya yi murmushi.

Ya ce a kwanakin nan mutane suna ta wucewa ta ƙauyensu, wasu su faɗi ba su tashi ba, ƙishi, ko ciwo, ko harbin da suka taho da shi. Su kuma ba za su bar ɗan Adam karnuka su ci ba. Duk wanda suka binne sai ya rubuta, don aikinsa ke nan shekara da shekaru, ba a rufe mutum a ƙasar coci ba a sa shi a littafi ba. Ya buɗe wajen ƙarshe ya miƙo mini. Rubutun ya karkace, na mai sauri ne. Na bi layi, na bi layi, sai ga shi. Dattijo, Bafillace, dogo. Harbi a cinya. Hannun hagu yatsa huɗu. Yana da akwatin allura shuɗi. A gefe ga rana, ga wata, ga shekara, har ya rubuta Laraba. 'Yan kwanaki ne bayan wayar Baba ta daina shiga, tun kafin direban nan ya tako gidanmu.

Ban yi kuka a wurin ba. Daɗi ma na ji, irin na wanda ya ga sunansa a allon jarrabawa, sai a hanya abin ya sauko mini.

“Da ransa ya iso,” in ji tsohon. “Ya sha ruwa. Ya ce mu ba wani mai shanu maganin kada ya lalace. Kafin azahar ya cika. Mun kwantar da shi gefen dama, fuska gabas, yadda muna gani maƙwabta suna yi. Salla kam ba mu iya ba, Malama, ki yi haƙuri.” Ya tambaye ni sunansa, na faɗa, ya ɗauko biro ya rubuta a gurbin da ya bari. Ni kuma na ɗauki hoton shafin da waya.

Na tarar da Dada tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata duka, har maganar maganin. Ta yi salati, sannan ta ce, “Shi ne. Wa zai damu da maganin shanu a wannan hali in ba shi ba.” Ta sa na maimaita mata ranar. Na ga kafaɗunta sun sauka. Kafin magariba ta cire 'yan kunnenta da kanta, ta sauke madubi, ta jawo katifarta ƙasa, ta aika a gaya wa ƙawayenta. Ta ce mini gobe zan kai yadin wurin tela, amma a fara kiran Modibbo ya yi addu'a ya buɗe mata zaman. Shekara biyar ban ga Dada da kuzari irin na yammacin nan ba.

Modibbo shi ne malamin unguwarmu, tsoho ne, shi ya raɗa mana suna dukanmu. Ya zo da hantsi tare da Bappa, aka yi musu shimfiɗa a tsakar gida, Dada tana bayan labule. Na nuna masa hoton, ya yi mini tambayoyi a kan tsohon da littafinsa har ya gamsu. Ya yi wa Baba doguwar addu'a, ya sa wa mutanen ƙauyen albarka. Sannan Bappa ya ce, to yau za ta shiga ko gobe? Modibbo ya ja carbinsa.

“Takaba daga ranar mutuwa take farawa,” ya ce, “ba daga ranar da labari ya iso ba. Ko mace ta sani ko ba ta sani ba, kwanakin suna tafiya. Tunda ga rana tabbatacciya, ga shekaru sun wuce, iddarta ta cika tuntuni.” Ya ɗaga murya don ta ji, da muryar mai albishir. “Allah ya sauke miki. Babu zama a kanki, babu laifi a kanki.”

Labulen bai motsa ba. Can muka ji muryarta.

“Ta wuce?”

“Ta wuce.”

“Ba zan iya yi yanzu ba, ko don kaina?”

Ya ce makokin da ya wuce kwana uku ba a yarda da shi ba sai ga mai idda, ita kuma ba mai idda ba ce. Ta yi masa addu'a, ta yi sadaka, su ne za su isa gare shi. Da taushi ya faɗa, na kuma san abin da ya karanta ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Duk da haka ji na yi kamar in fizge carbin nan in watsar.

A zaure Bappa ya tsaya yana sa takalmi ya ce mini, ba da mugunta ba, “Da kun bar ni na je wurin alƙali, da yanzu ta yi zamanta ta fita.” Gaskiya ya faɗa. Ranar alƙali da Dada ta raina ita ce da za ta ba ta wata huɗu da kwana gomanta cif. Ranar gaskiya da na sha rana na nemo, ita ta ƙwace mata su. Ba wanda wannan lissafi ya zo wa a cikinmu, ni da bokona, Bappa da zaman gaban malamai, balle ita.

Da suka tafi na shiga ɗaki. Tana zaune a kan katifar da ta sauke, yadin a cinyarta. Ta ce in sake faɗa mata ranar, na faɗa. Ta fara lissafi da yatsu, ba da watannin Bature ba, da nata: yankan dawa, shigowar sanyi, lokacin da ƙanwata ta zo wankan jego. Na ga inda lissafin ya dosa, na so in tsayar da ita, na rasa da wace kalma. Watannin takabarta su ne watannin direba. Su ne watannin wankan la'asar da humra da atamfa da tabarma a gaban zaure. Duk rayuwarta ba ta taɓa ado irin na kwanakin da ya kamata a ce tana zaune cikin farin yadi ba.

Ta dubi ƙafafunta, sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta yi.

“Lalle nake sawa,” ta ce. “Yana kwance a ƙasar mutane, ni ina sa lalle.”

Na ce, “Dada, ba ki sani ba. Modibbo ya ce babu laifi.”

“Na ji abin da ya ce.”

An yi zaman gaisuwa na kwana uku. Mutane sun zo, amma gaisuwar mutuwar da ta shekara biyar ba ta da nauyi, ana shafa addu'a ana komawa hirar tsadar masara. Rana ta huɗu Dada ta sa aka mayar da katifa kan gado, ta rataye madubi, ta mayar da 'yan kunnenta, don ba za ta yi abin da malam ya hana ba. Ina tsaye tana laluben hujin kunnen, ta ƙi in taya ta. Tandun kwallin kuwa ta ba ƙanwata, ta ce idonta ya daina so. Da hanya ta yi kyau ni da ƙanena mun je ƙauyen, aka nuna mana wurin, ciyawa ce da 'yan duwatsu a bayan ginin cocin da ya ƙone. Dada ta ce ƙafarta ba za ta iya zaman mota ba.

Na yi shekaru ina fushi ban san da wa ba. Malamar nan ta Numan ta taɓa tambayata ko na yi da-na-sanin zuwa Yolde Pate, na ce ban sani ba, har yau kuma amsar ke nan. Yanzu ina da ranar rasuwar Baba, ita ce rana ta farko tabbatacciya a duk tarihin gidanmu, 'ya'yana sun haddace ta. Dada kuwa tun daga ranar ba ta sake ambaton ta ba, ba ta kuma sake sa ni neman komai a takarda ba.

Bara da azumi ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da mata suka taru don wanka aka ce a aika kasuwa sayen likkafani, sai Goggo, ƙanwar Baba, ta ce a duba akwati tukuna, tsofaffi sukan tanada. Ni na buɗe. Yadin yana can ƙasa da ninkinsa na kanti, bakin ninkin ya ɗan yi ja. Goggo ta warware shi ta auna da kamu, ta ce, “Allah sarki, ashe ta shirya wa tafiyarta.” Ni kaɗai a ɗakin na san ba don wannan ta saye shi ba. Na riƙe mata gefe ɗaya ta yanka.